Mai taɓin hankali da ciwon jikin da iyali ba sa lura da shi

Idan Allah Ya jarrabi gida da mai taɓin hankali, idon kowa kan tsaya ga surutansa da ɗimuwarsa, har a manta da lafiyar zuciyarsa da huhunsa. Alhali galibi nan sababin rasuwarsa yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa masu matsananciyar larurar ƙwaƙwalwa kan rasu shekara 10 zuwa 20 kafin sa'o'insu, mafi yawansu da cututtukan jiki: ciwon zuciya, ciwon suga da cututtuka masu yaɗuwa irin su tarin fuka.

Dalilan sanannu ne. Wasu magungunan larurar, kamar olanzapine da clozapine, suna buɗe ciki, su kawo ƙiba, su ɗaga suga da kitsen jini. Shan taba ya yawaita a tsakanin majinyatan, ga zama wuri guda babu motsa jiki. Mafi muni kuwa shi ne rashin sauraro. Ya ce ƙirjinsa na ciwo, a ce ciwon nasa ne ya motsa. Ya yawaita shan ruwa da fitsari, a ce aikin iska ne, alhali suga ne ke cinsa.

Shari'a ta ɗauke wa wanda hankalinsa ya gushe nauyin ibada, amma haƙƙinsa na ci da sutura da jinya yana nan a wuyan waliyyinsa, kuma kiyaye rai na cikin manyan manufofinta guda biyar. Addu'a da ruƙiyya suna da matsayinsu, sai dai riƙo da sababi ya haɗa da awo a asibiti.

Saboda haka, duk ranar da aka kai shi ganin likita, ko a Dawanau ta Kano, ko Barnawa ta Kaduna, ko Kware ta Sakkwato, a nemi a auna nauyinsa da hawan jininsa da sugansa. Tarin da ya wuce mako 2 a bincike shi. In magani ya sa shi ƙiba, kada a dakatar da shi a gida, domin larurar kan dawo. A gaya wa likita, yana iya sauya masa wani. A rage masa lemon kwalba, a riƙa fita tattaki tare da shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.