Abin da manhaja ba za ta gyara ba: filta mai kusurwa huɗu da malafar kyamara

Duk wanda ya taɓa ɗaga waya da la'asar don ya ɗauki hoton gari ya san wannan matsalar. Idan ya danna kan sararin sama, gajimare ya fito tsaf amma gidaje da mutane su koma baƙi ƙirin. Idan ya danna kan mutanen, sama ta koma fari fat kamar takarda. Yawanci sai a ɗora wa wayar laifi, ko a ce za a gyara a Snapseed ko Lightroom. Sai dai gyara yana da iyaka. Wurin da haske ya yi yawa har hoton ya ƙone, sensar kyamara ba ta adana komai a nan ba, kuma babu manhajar da za ta dawo da abin da ba a ɗauka ba, sai dai ta ƙirƙiro wani abu ta liƙa.

Shi ya sa har yau ƙwararrun masu ɗaukar hoto ke yawo da kaya biyu da babu batir ko manhaja a cikinsu: filta, wato gilashin tace haske da ake sawa a gaban idon kyamara, da kuma malafa, wato rumfar roba da ake ɗaurawa a bakin idon. Aikinsu ɗaya ne, su yi wa haske linzami tun kafin ya shiga. Matashin da ke shirin sayen kyamararsa ta farko, ko wanda ke neman kuɗi da bidiyon waya, yana bukatar ya san su, domin a nan mutum kan kashe kuɗi kan abin da ba ya bukata, ya bar wanda zai amfane shi.

Yadda tsarin yake

Filta iri biyu ce a kasuwa. Akwai zagayayya, wadda ake murɗawa a bakin idon kyamara, ko lens kamar yadda masu sana'ar ke kiransa, tamkar murfin kwalba. Akwai kuma mai kusurwa huɗu, wadda falle ce ta gilashi ko roba da ba ta zama da kanta, sai da kayan riƙe ta. Kayan guda uku ne: zobe da ake murɗawa a bakin lens, mariƙi da ke maƙalewa a jikin zoben, sai fallen filtar da ake zurawa ta sama cikin ramukan mariƙin. Yawancin mariƙai na da rami biyu ko uku, don haka ana iya jera filta fiye da ɗaya.

Kamfanin Cokin na Faransa, wanda mai ɗaukar hoto Jean Coquin ya kafa, shi ya kai wannan tsarin hannun talakawan masu kyamara a 1978. Yana fitar da shi a girma daban-daban: milimita 67, 84, 100 da 130. A Ingila kuma akwai Lee Filters, wanda aka kafa a 1967 yana yi wa masu shirya fim ledojin canza launin fitila, daga baya ya shahara da tsarinsa na milimita 100. A yau kamfanonin China irin su NiSi da Haida sun shigo kasuwar sosai, kuma milimita 100 ne girman da aka fi amfani da shi.

Me ya sa ba a tsaya kan zagayayya ba?

Dalili na farko kuɗi ne. Kowane lens yana da faɗin bakinsa, ana rubuta shi a jikinsa kusa da alamar da'ira mai layi a tsakiya. Misali, ƙaramin lens ɗin EF-S 18-55 da ke zuwa da kyamarorin Canon bakinsa milimita 58 ne, EF 50mm f/1.8 STM kuma 49, shi kuwa 24-105 f/4L 77. Mai waɗannan ukun zai sayi zagayayyar filta sau uku. Da tsarin kusurwa huɗu filta ɗaya ta ishe shi, zobe kawai zai saya wa kowane lens, kuma zobe ya fi gilashi araha nesa ba kusa ba.

Dalili na biyu shi ne mafi girma: ana iya zame fallen sama ko ƙasa. Wannan ne maganin matsalar da aka fara da ita.

Filtoci uku da ke da aiki na gaske

Ta farko ita ce mai rabin duhu, da ake rubuta GND a jikinta. Samanta duhu ne, ƙasanta garau, girmanta yawanci milimita 100 da 150. Mai ɗaukar hoto zai zame ta har duhun ya rufe sararin sama kaɗai, sai hasken sama da na ƙasa su matso kusa da juna, sensa ta iya ɗaukar su tare. Mai kaifin iyaka ta dace da wurin da sama da ƙasa suka rabu a miƙe, kamar bakin teku ko fili fetal. Mai laushin iyaka ta dace da wurin duwatsu, bishiyoyi da gine-gine. A zagayayyar filta iyakar tana tsakiya daram, ba ta motsi, dole mutum ya tsara hotonsa yadda gilashin ke so. Ba'amurken mai ɗaukar hoton duwatsu Galen Rowell na cikin waɗanda suka fito da martabar wannan filtar, har kamfanin Singh-Ray ya yi samfuri da sunansa.

Ta biyu ita ce ND, mai duhu gaba ɗaya, kamar baƙin tabarau. Ana auna ƙarfinta da mataki, kuma kowane mataki yana raba haske biyu. ND8 mataki uku ce, ND64 shida, ND1000 goma. Amfaninta shi ne kyamara ta daɗe ido buɗe ba tare da hoton ya ƙone ba. Hoton da zai ɗauku a kashi ɗaya cikin 125 na daƙiƙa, idan aka sa filta mai mataki goma zai bukaci kusan daƙiƙa 8. A cikin waɗannan daƙiƙu duk abin da ke motsi zai narke: ruwan da ke zubowa daga dutse, irin na Gurara a jihar Neja, zai fito laushi kamar audugar da aka shaɓa, duwatsun kuma su tsaya garau. Big Stopper ta kamfanin Lee, da ta fito a 2010, ita ta yaɗa wannan salon. Dole kyamara ta zauna a kan maɗori mai ƙafa uku, kuma a saita hoton ya fito sarai kafin a zura filtar, domin bayan an zura ta kyamarar ba ta gani sosai. A sa ta a ramin da ya fi kusa da lens, inda soson da ke gefenta zai toshe hasken da ke satar shiga.

Ta uku ita ce CPL, mai kashe ƙyalli. Tana cire walƙiyar da ke kan ruwa, gilashin mota, ganye da fatar da ta yi maiƙo, ta kuma ƙara wa sama shuɗi. Ta fi ƙarfi idan rana na gefen mai ɗaukar hoto, ba gabansa ko bayansa ba, kuma tana cin haske tsakanin mataki ɗaya zuwa biyu. Ita yawanci zagayayya ce domin juya ta ake yi, shi ya sa mariƙan NiSi ke da ɗan gare a gefe na juya ta ba tare da an taɓa sauran filtocin ba. Cikin ukun nan, ita ce manhaja ta kasa kwaikwaya: fuskar da ƙyallin gilashi ya rufe ba ta cikin hoton, balle a fito da ita.

Ina mai waya ya shigo?

Waya ta riga ta karɓe wani ɓangare na aikin nan. HDR na ɗaukar hotuna da yawa masu haske daban-daban ya haɗa su, abin da ya rage bukatar filta mai rabin duhu. Tun iOS 11 a 2017 iPhone ke iya mayar da Live Photo ya zama hoton ruwa mai laushi, Pixel 6 na Google ma ya zo da irin wannan a 2021. Don hoton da za a ɗora a Instagram, wannan ya wadatar.

Bidiyo ne inda lissafin ya juya. Ƙa'idar masu fim ita ce, idan ana ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, kowane ɗaya ya samu kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa, don motsi ya fito kamar yadda ido ya saba gani. Kyamara babba tana iya tsuke ƙofar haskenta, amma yawancin wayoyi ƙofarsu a buɗe take dindindin, wajen f/1.8. A tsakar rana irin ta Kano ko Yamai, ko da an sauke ISO zuwa 50, wayar sai ta koma kusan kashi ɗaya cikin 4000 na daƙiƙa don kada hoton ya ƙone. Sakamakon shi ne bidiyo mai motsi a daddatse, hannun mai rawa ko tayar babur na tsalle daga wuri zuwa wuri. Tazarar da ke tsakanin 4000 da 60 kusan mataki shida ce, wato ND64 kenan. Da ita da manhajar da ke bari a saita saurin da hannu, irin Blackmagic Camera da ake saukewa kyauta, bidiyon waya na canza kama.

Amma mai waya ba ya bukatar mariƙin milimita 100, wanda ya fi wayar faɗi. Ƙaramar zagayayyar filta mai maƙalewa ta isa. Xiaomi ma ya sa zoben milimita 67 cikin kayan ɗaukar hoto na 13 Ultra da 14 Ultra don wannan aikin. Akwai kuma ND da ake juyawa a ƙara ko a rage duhunta. Tana da sauƙin aiki, sai dai idan aka kai ta ƙarshe takan zana wani duhu mai siffar X a tsakiyar hoton.

Malafa: araha, amma an raina ta

Hasken da ya bugi lens daga gefe, ko da ranar ba ta cikin hoton, yana yawo tsakanin gilasan ciki. Wani lokaci ya fito kamar ɗigo-ɗigo masu launi, wani lokaci ya lulluɓe hoton da hazo, baƙi ya koma toka-toka, launi ya kwanta. Malafa na tare wannan hasken kamar yadda mutum ke kare idonsa da tafin hannu. Mai siffar gwangwani ta lens mai jawo nesa ce. Mai siffar fure ta lens mai faɗin gani ce, an yanke kusurwoyinta don kada su shiga hoton. Kowane lens da tasa, kuma idan aka sa wadda ba tasa ba kusurwoyin hoton na iya yin duhu.

Kuskure biyu sun yi yawa. Wasu na barin ta a kife a jikin lens suna ɗaukar hoto, alhali kifewar don ajiya ce kawai. Wasu kuma na kunna ƙaramar fitilar saman kyamara da malafa a ɗaure, sai inuwarta ta faɗo a ƙasan hoton. Ban da tare haske, malafa ce ke karɓar bugu idan kyamara ta gogi bango ko ƙofar mota a cikin cunkoson biki.

Inda su biyun ba sa jituwa

Ga abin da mai saye kan gano bayan ya biya kuɗi: mariƙin filta da malafar lens ba sa zama tare, wuri ɗaya suke nema. Kuma fallen gilashi a fili ya fi lens ɗin kansa kama hasken gefe. Lee na sayar da malafa mai naɗewa kamar zugazugi da ke hawa kan mariƙin. Masu fim kuwa sun haɗa duka biyun a akwati ɗaya, wannan baƙin akwatin mai fukafukai da ake gani a gaban kyamarorinsu, wanda ke ɗaukar filta mai inci 4 da 5.65. Wanda ba shi da ko ɗaya zai iya riƙe hula ko baƙin kwali a gefen da rana take, ya matso da shi har inuwa ta rufe gilashin, ya kuma tabbata bai shiga hoton ba. Dabarar nan tana aiki a waya ma.

Ƙura ma abin lura ce. Filtar roba ta fi araha kuma ba ta fashewa, amma tana saurin karcewa. Ta gilashi ta fi jure gogewa, amma faɗuwa ɗaya ta gama da ita. A lokacin hunturu a fara hure ƙurar da 'yar robar busa iska kafin a sa ƙyalle, in ba haka ba ƙurar ce za ta zama yashin goge gilashin. Filta mai arha sosai takan kuma rina hoton da launin shunayya ko shuɗi. Sannan ND ba ta kallon rana ba ce, duk duhunta: leƙa rana ta cikin kyamara da ita na iya lalata ido.

Wa ya kamata ya sayi me?

Mai bidiyo da waya ya fara da ND64 mai maƙalewa. Mai ɗaukar hoton biki da suna ya ɗaura malafarsa kullum, ya ƙara da CPL ɗaya daidai da lens ɗinsa mafi faɗin baki, ya sayi zobban ƙara girma don sauran. Cikakken tsarin kusurwa huɗu na wanda ke fita takanas don hoton fili, ruwa, gini ko faɗuwar rana ne, yana da maɗori, yana kuma da haƙurin tsayawa minti goma kan hoto ɗaya. Wanda bai tabbatar da inda ya faɗa ba, ya fara gwada kare kyamarar wayarsa da tafin hannu a rana, ya ɗauki hoto biyu, ɗaya da inuwa ɗaya babu, ya kwatanta su kafin ya taɓa aljihunsa.