Me ya sa farashin gidajen 'kondo' ya rabu biyu a Florida?

A unguwannin masu hannu da shuni da ke kewayen birnin Miami na jihar Florida a Amurka, kasuwar gidajen bene da ake sayarwa sashe-sashe ta rabu gida biyu a shekarun 2024 da 2025. Sababbin gine-gine sun riƙe darajarsu, yayin da masu sassa a tsofaffin benaye suka yi ta rage kuɗi, mai saye kuma ya yi wuya.

Irin waɗannan gidaje ne Amurkawa ke kira kondo. Mutum zai sayi sashe guda a cikin dogon bene ya zama mallakarsa, amma harsashin ginin da rufinsa da lif da wurin ajiye motoci da wurin ninƙaya duk na kowa da kowa ne. Wata ƙungiya ta masu sassan ce ke kula da su, kowa kuma na biyan kuɗin hidima duk wata.

Tsarin ya samu karɓuwa sosai a Florida, musamman a wurin waɗanda suka yi ritaya suka baro sanyin arewacin ƙasar, da kuma attajirai daga ƙasashen Latin Amurka masu neman inda za su adana dukiyarsu. Jihar na da irin waɗannan sassa kimanin miliyan ɗaya da rabi, kuma fiye da rabinsu sun haura shekaru 30 da ginawa.

Daren da ya sauya lissafi

Da tsakar daren 24 ga watan Yunin 2021, wani ɓangare na benen Champlain Towers South mai hawa 12 ya rufta a garin Surfside, wani ƙaramin gari na masu hali da ke bakin teku a arewa da Miami Beach. Mutane 98 ne suka rasa rayukansu.

An gina benen ne a shekarar 1981. Tun a 2018 wani injiniya da ƙungiyar masu sassan ta ɗauka ya yi gargaɗin cewa akwai mummunar lalacewa a kankaren da ke ƙarƙashin farfajiyar wurin ninƙaya. Amma aka shafe shekaru ana ja-in-ja a kan kuɗin gyara.

Sai a farkon 2021 aka amince da aikin da zai ci dala miliyan 15, inda kason kowane mai sashe ya kama daga kimanin dala dubu 80 zuwa sama da dala dubu 300. Ginin ya faɗi kafin a kai ga babban aikin.

Lamarin ya fito da wata matsala da ta daɗe a ɓoye. A wancan lokaci dokar jihar ta bai wa masu sassa damar kaɗa ƙuri'a su jingine tara kuɗin gyara na gaba. Ƙungiyoyi da dama sun yi hakan shekara da shekaru, domin dattijon da ke rayuwa da kuɗin fansho ba shi da sha'awar biyan kuɗin rufin da za a sauya bayan shekaru 20. Kuɗin wata ya zauna da sauƙi, gidajen suka zama kamar masu araha, gishirin teku kuwa na can yana cin rodin da ke cikin kankare.

Sabuwar doka

A watan Mayun 2022 Gwamna Ron DeSantis ya sanya hannu a kan dokar da ta tilasta binciken lafiyar duk wani benen kondo mai hawa uku zuwa sama idan ya cika shekaru 30. Dokar ta kuma wajabta wa ƙungiyoyi su ƙiyasta abin da manyan gyare-gyare za su ci, su fara tara kuɗin, tare da soke damar jingine shi.

Da farko an sanya ƙarshen 2024 a matsayin wa'adin kammala wannan ƙiyasi, amma saboda koke-koken jama'a majalisar jihar ta ƙara shi zuwa ƙarshen 2025.

Sakamakon haka, gyaran da aka yi shekaru ana ɗagewa ya faɗo wa mutane a lokaci guda. A wasu benaye an buƙaci kowane mai sashe ya kawo dubban daloli, a wasu ma fiye da dala dubu 100. Wanda ba shi da hali sai ya sa gidansa a kasuwa, ya tarar maƙwabtansa sun riga shi.

Mai saye kuma ba ya duba kuɗin gidan kaɗai. Yana haɗawa da kuɗin wata da abin da za a iya ɗora masa gobe, sannan ya cire daga tayinsa. Ta wannan hanya ce bashin gyaran ya koma faɗuwar farashi.

Kuɗin ruwa da inshora

Dokar ta zo ne a daidai lokacin da wasu abubuwa biyu suka matse kasuwar.

A watan Janairun 2021 kuɗin ruwa a kan bashin sayen gida na shekaru 30 ya sauka zuwa kashi 2.65 cikin ɗari, mafi ƙanƙanta da aka taɓa gani. Bayan babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa a watan Maris na 2022 domin yaƙi da hauhawar farashi, adadin ya kusa kai kashi 8 cikin ɗari a watan Oktoban 2023.

Sai kuma inshora, wadda ta yi tashin gwauron zabi bayan mahaukaciyar guguwar Ian ta yi ɓarna a kudu maso yammacin jihar a watan Satumban 2022.

Ban da wannan, Fannie Mae da Freddie Mac, manyan hukumomin nan biyu da ke sayen basukan gidaje daga hannun bankuna, sun daina karɓar bashin da aka bayar a kan benayen da ke da babban gyaran da ba a yi ba. Benen da ya faɗa cikin wannan rukuni sai mai kuɗi a hannu ne zai iya saye a cikinsa, shi kuwa mai kuɗi a hannu ba ya saye sai da ragi.

Ba irin na 2008 ba ne

Mazauna Miami ba baƙi ba ne ga faɗuwar kasuwa. Tsakanin 2006 da 2011 farashin gidaje a yankin ya ragu da kusan rabi, bayan da bankuna suka yi ta ba da bashi ga waɗanda ba za su iya biya ba, 'yan kasuwa kuma suka cika gari da benayen da babu masu shiga.

Wancan karon sabo da tsoho duk sun faɗi tare. A wannan karon shekarun ginin ne ke raba su, ko da suna kan titi ɗaya suna fuskantar teku ɗaya. Manyan attajiran da suka kwararo Florida tun lokacin annobar korona, jihar da ba ta karɓar harajin kuɗin shiga, galibi ba sa buƙatar bashin banki, kuma sababbin benaye suke nema.

Su ma kamfanonin gine-gine sun ga dama. Sukan yi tayin sayen tsohon bene baki ɗaya, su rushe shi su gina na alfarma, saboda filin bakin teku ya fi ginin da ke kansa daraja. Wasu masu sassa na ganin hakan mafita ce, wasu kuwa, musamman tsofaffi, na ganin kora ce daga unguwar da suka yi shekaru a ciki.

Shi kansa filin Champlain Towers South an sayar da shi a 2022 ga kamfanin Damac na Dubai, mallakar Hussain Sajwani, a kan dala miliyan 120, kuɗin kuma ya shiga cikin diyyar fiye da dala biliyan ɗaya da kotu ta amince a biya iyalan mamatan da waɗanda suka rasa gidajensu.

A 2025 kamfanin ya bayyana shirin gina sabon bene mai sassa 37 kacal a wurin da a da ake da sassa 136. Farashin sashe guda, kamar yadda kamfanin ya sanar a lokacin, ya fara ne daga dala miliyan 15.