Yadda Funfuna da Naman Kaza ke Tsabtace Ruwan Rini

Rini tsohuwar sana'a ce a ƙasar nan, tun daga karofin Ƙofar Mata a Kano har zuwa marinar adire a Ibadan da Abeokuta. A da, da baba da toka ake yinsa. Amma tun shekarar 1856, lokacin da William Perkin ya haɗa galura ta farko a Ingila, rinin kanti ya yi ta maye gurbin na gargajiya.

Ina matsalar take?

Ba dukan galura ke kama tufa ba. Ragowarta, tare da sodar da ake haɗawa da ita, takan bi lambatu ta faɗa rafi. A Ibadan, kwatamin unguwanni irin su Sabo da Ojoo, inda Hausawa suke da yawa, yakan ƙare ne a ƙoramun da ke ratsa birnin. A Kano kuma dagwalon masana'antu ya daɗe yana shiga Kogin Challawa. Launin yana tare hasken rana, tsirran ruwa su mutu, kifi ya rasa iska. Wasu galurorin kuwa idan suka narke sukan bar guba mai iya jawo ciwon daji.

Aikin funfuna

Akwai irin funfunar da ke cin ruɓaɓɓen itace har ya yi fari. Tana fitar da wasu sinadarai masu narkar da ƙarfin itacen. A 1983 masana a Amurka suka nuna cewa irin da ake kira Phanerochaete chrysosporium yana kashe launin rini. Dalili kuwa shi ne ƙirar galura ta yi kama da ta abin da ke ƙarfafa itace. Naman kaza mai suna Pleurotus, wanda ake nomawa a kan garin katako ko ɓuntun shinkafa, shi ma yana wannan aiki. Wata funfunar kuma tsotse launin take yi kamar soso.

Sai an tara ruwan a tanki, an rage kaifin sodarsa, sannan a zuba funfunar a bar ta kwanaki tana samun iska. Hanyar ba ta da tsada, sai dai tana da jinkiri, kuma yawancin aikin yana matakin gwaji ne.

Abin da ya wajaba a kan jama'a

Kada marina su zubar da ruwan rini kusa da rijiya ko rafi. Kada a shayar da dabbobi ko lambu da shi, ko da ya yi garau, domin gushewar launi ba ita ce gushewar guba ba. Kada a ci naman kazan da aka yi wannan aiki da shi. Duk wanda ya ga ana malalar da dagwalo, sai ya sanar da Hukumar NESREA, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2007 don tabbatar da bin dokokin kare muhalli. Ruwan da aka gurɓata a Sabo, na ƙasa da shi ne zai sha.