Binciken kasuwa: wa ka tambaya ya fi nawa ka tambaya

Wani saƙo yana ta yawo a rukunonin WhatsApp na masu ƙananan sana'o'i, musamman mata masu sayar da yaji da turaren wuta daga gida. Wanda ya rubuta shi bai sa sunansa ba, bai faɗi inda ya samo maganarsa ba, amma ya jero "dokoki" kan yawan mutanen da za a tambaya kafin a zuba jari.

Biyu daga ciki ba sa buƙatar dogon bayani. Wai sai an tambayi kashi 10 cikin 100 na mutanen gari: ƙarya ce. Mutum 385 da aka zaɓa ta ƙuri'a suna ba da sakamakon da kuskurensa, sau 95 cikin 100, ba ya wuce maki 5, ko garin mutum dubu 100 ne ko ƙasar mutum miliyan 200. Cibiyar binciken ra'ayin jama'a ta Afrobarometer ma mutum 1,200 zuwa 2,400 take tambaya a ƙasa guda. Wai kuma mutum 30 sun isa kowane bincike: da 30, kuskuren yana kaiwa kusan maki 18.

Inda saƙon ya ce ƙara mutane yana rage kuskure, gaskiya ya faɗa, sai dai kafin kuskure ya ragu da rabi, sai an ninka mutanen sau huɗu.

Mai cutarwar ita ce ta ƙarshe: wai ka jefa tambayarka a rukunoni, in mutum dubu suka ce za su saya, ka ci bashi ka sari kaya. Wannan ce ke cinye kuɗin adashen mutane. Duk lissafin da ke sama ya rataya ne a kan sharaɗi ɗaya, wato kowane mai iya sayen kayan ya sami damar shiga cikin waɗanda aka tambaya. Rukuninka kuwa 'yan uwa ne da abokai, masu babbar waya da kuɗin data. Da yawa za su ce "in sha Allahu zan saya" saboda kara. Waɗanda abin bai burge su ba sai su yi shiru, ba a ƙirga su. Mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau ba ya tsayawa kan bakin buhu. Tsakiya da ƙasa yake sokawa, domin ya san saman ba ya wakiltar sauran.

An taɓa ganin irin wannan a Amurka a 1936. Mujallar Literary Digest ta aika takardun tambaya kusan miliyan 10, yawanci ga masu tarho da mota da masu karanta ta, ta sami amsa fiye da miliyan 2, ta ce Alf Landon zai ci zaɓen shugaban ƙasa. Amma abokin takararsa Franklin Roosevelt ne ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mai binciken ra'ayin jama'a George Gallup kuwa, da mutum kusan dubu 50 da aka zaɓo daga kowane ɓangare na jama'a, ya hango nasarar Roosevelt.

Ban ga laifin wanda ya gaskata saƙon ba. Hankali yana karkata ga yawa, kuma ba kowa ke da kuɗin ɗaukar masu bincike ba. Laifin yana kan mai tura abin da bai tantance ba, alhali jarin wani ne zai salwanta.

Ke mai sana'ar gida, ki fara sanin su wa za su sayi kayanki, ki je inda suke saye, a ranaku da lokuta daban-daban, ki tambayi kowane mutum na biyar, ba wanda ya yi miki murmushi kaɗai ba. Ki faɗi farashi. Sannan ki yi kaɗan ki sayar. Wannan ma ba tabbacin riba ba ne, amma wanda ya miƙo kuɗinsa ya ba ki amsar da mai danna "eh" a waya ba zai iya bayarwa ba.