Haɗurran Hanya a Birnin Kano: Abin da Lissafi Yake Nunawa

A ranar 17 ga watan Agusta na 1896 wata mata mai suna Bridget Driscoll tana tsallaka hanya a birnin Landan, sai wata mota ta buge ta, ta mutu nan take. Ita ce mai tafiya a ƙasa ta farko da aka rubuta cewa mota ta kashe a Ingila. An ce gudun motar kimanin kilomita 6 ne a awa, wato kaɗan ya ɗara tafiyar mutum mai sauri. An kuma ruwaito cewa jami'in da ya binciki mutuwar ya yi fatan kada irin wannan abu ya sake faruwa. Shekaru fiye da 120 bayan haka, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma babu wata cuta da take kashe masu shekara 5 zuwa 29 kamar haɗarin hanya. Fiye da rabin waɗanda suke mutuwa ba a cikin mota suke ba: masu tafiya a ƙasa ne, da masu keke, da masu babur. Wanda ya san yadda ake tsallaka titi a bakin Kantin Kwari ko 'Yan Kura da yamma, wannan ƙididdiga ba za ta ba shi mamaki ba.

Daga achaba zuwa A Daidaita Sahu

Titunan Kano sun sake kama sau da yawa a cikin shekaru hamsin da suka wuce. A ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu da ta gada daga Ingila, ta koma hannun dama. A wancan lokaci keke da bas da tasi su ne abin hawan jama'a. Da tattalin arziki ya tsananta bayan 1986, sai haya da babur ta zama sana'a, aka sa mata suna achaba. Shigowar babura masu araha daga ƙasar Sin a farkon shekarun 2000 ta sa duk matashin da ya tara ɗan jari ya zama ɗan achaba, galibi ba tare da ya taɓa koyon dokar hanya ba.

Babur ba shi da jikin da zai kare mai hawa. Jikin mutum shi ne bangon, shi ya sa karayar ƙafa da fashewar kai suka yi yawa a zamanin achaba. A ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ta fara tilasta sa hular kwano. Abin da ya biyo baya a Kano har kafofin labarai na ƙetare sun ɗauka: wasu 'yan achaba suka kifa ƙwarya a ka suka ɗaure ta da igiya, wasu fasinjoji kuma suka ƙi sa hular don tsoron asiri ko cutar fata. Abin ya ba mutane dariya, amma ya nuna cewa jama'a sun ɗauki hular a matsayin hanyar kuɓuta daga tara, ba su san aikin da take yi wa ƙwaƙwalwa ba.

A watan Janairun 2013 gwamnatin jiha ta hana haya da babur a cikin birni, 'yan kwanaki bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero. Dalilin hanin tsaro ne, ba haɗari ba, amma ya canza fasalin haɗurran birnin. Babur mai ƙafa uku, wanda aka fara kawowa a zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau domin ɗaukar mata, shi ya gaji achaba, har sunan shirin A Daidaita Sahu ya bi shi. Ya fi babur kariya, kuma bai kai shi gudu ba. Sai dai yana da nasa lahanin. Tsayinsa ya yi yawa idan aka gwada da faɗinsa, ga shi taya ɗaya ce a gaba, don haka in ya sha kwana da gudu nauyin yakan rinjaya gefe guda ya kife. Idan aka ƙara fasinja a gefen direba, aka ɗora buhu a sama, rinjayar ta ƙaru ke nan.

Tun daga 2011 aka shiga gina manyan ayyukan hanya: gadar sama ta Ƙofar Nassarawa, gadojin ƙasa na Kabuga da Gadon Ƙaya, daga baya kuma na Dangi da Hotoro. Aka kuma kafa hukumar KAROTA a 2012 domin kula da zirga-zirga. Babu shakka waɗannan ayyuka sun rage cunkoso a wuraren da aka yi su. Amma akwai abin da ba a cika faɗa ba. Cunkoso, duk da takaicinsa, yana hana gudu. Titin da aka faɗaɗa aka shimfiɗa masa sabuwar kwalta yana kiran direba ya taka mota, alhali makaranta da masallaci da kasuwar da ke gefensa suna nan inda suke, yaran da suke tsallakawa ma suna nan.

Me alƙaluma suke cewa?

Alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra na ƙasa baki ɗaya sun nuna haɗurra 10,617 da mutuwar mutum 5,081 a 2023. A 2024 haɗurran suka sauko zuwa 9,570, amma mutuwa ta hau zuwa 5,421. Wato haɗari ya ragu, kisa ya ƙaru. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne haɗurran tankokin mai, irin wanda ya auku a garin Majiya na Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, inda mutane fiye da 150 suka ƙone, yawancinsu sun je kwasar fetur ne bayan tankar ta faɗi. Darasin da ɗalibin ƙididdiga zai ɗauka a nan shi ne, yawan haɗurra daban, muninsu daban, kuma ba a yanke hukunci da alƙaluman shekara biyu kawai.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan girma. A 2016 an rubuta mutuwar mutum 5,053 a hanyoyin Nijeriya, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ainihin adadin ya kusa 40,000, wato ninki takwas. Daga ina wannan giɓi ya fito? Jami'in hanya yana rubuta haɗarin da aka kira shi ne ko ya tarar. A cikin gari kuwa, kafin jami'i ya iso jama'a sun ɗauki wanda aka buge zuwa asibiti ko wajen mai ɗori. In ya cika bayan kwana uku, an yi masa sutura a ranar, ba lalle ne sunansa ya shiga wani littafi ba. Ƙa'idar duniya ita ce a lissafa duk wanda ya mutu cikin kwana 30 bayan haɗari, kuma hakan ba ya yiwuwa sai an haɗa littafin 'yan sanda da na asibiti. A birni irin Kano, wanda yake son sanin gaskiyar lamari sai ya duba rajistar ɗakin karɓar marasa lafiya na gaggawa a Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala, ya gwada su da na jami'an hanya.

Lissafin gudu

Mutane sukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma tsautsayin hanya yana bin ƙa'idojin da ke cikin littafin Fiziks na babbar sakandare. Ƙarfin da abu mai motsi yake ɗauke da shi yana daidai da rabin nauyinsa sau gudunsa sau gudunsa. Abin lura shi ne gudu ya shigo sau biyu. Don haka in an ninka gudu sau biyu, ƙarfin bugu ya ninku sau huɗu; in an ninka sau uku, ya ninku sau tara. Motar da ta bugi mutum tana gudun kilomita 30 a awa kamar an jefo shi ne daga tsayin mita 3 da rabi. In tana gudun 50, kamar daga mita 10 ne, wato bene mai hawa uku. In tana gudun 80, tsayin ya kai mita 25.

Tsayar da mota kuma mataki biyu ne. Da farko ido zai gani, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta tashi daga totur ta sauka a kan birki. Ga direba mai natsuwa wannan yakan ɗauki kamar sakan ɗaya, kuma a cikin wannan sakan motar tana tafiya da cikakken gudunta. Sa'an nan birki ya kama, taya ta gogi kwalta har motar ta tsaya. A busasshiyar kwalta da taya mai kyau, mai gudun 30 yana cin mita 8 kafin ya taka birki, ya ƙara mita 5, jimla 13. Mai gudun 50 yana cin mita 14, ya ƙara 14, jimla 28. Mai gudun 80 yana bukatar kusan mita 58, fiye da rabin tsawon filin ƙwallo.

Mai karatu ya ɗauka yaro ya fito da gudu daga bayan wata bas da ta tsaya, tsakaninsa da motar da ke tafe mita 13. Mai gudun 30 zai tsaya dab da shi, abin ya ƙare da faɗa da salati. Mai gudun 50 kuwa bai ma kai ga taka birki ba, zai buge yaron da gudun 50 ɗin nan cif. Bambancin kilomita 20 ne kawai, wanda direban da ke cikin mota da ƙyar yake jin sa. Kuma 50 ɗin ita ce iyakar gudun da doka ta yarda da shi a cikin gari a Nijeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗurran kisa da kashi 4 cikin 100.

Duk wannan lissafi na mota mai lafiya ne. Sudaddiyar taya, ko ruwan farkon damina da ya haɗu da man da ya daskare a kan kwalta, ko yashin da ya taru a gefen titi, kowannensu yana rage gogayya, tazarar birki ta ƙaru sosai. Hazon hunturu yana rage nisan gani. Wayar hannu kuwa sakan ɗin farko take tsawaitawa: wanda ya sunkuya ya duba saƙo na sakan uku a gudun 50 ya yi tafiyar mita 42 bai ga hanya ba. Direba mai amfani da waya ya fi wanda ba ya yi yiwuwar yin haɗari kamar sau huɗu.

Na cikin mota ma lissafin bai bar shi ba. In mota ta tsaya farat ɗaya, jikin fasinja yana ci gaba da gudun da yake yi har sai wani abu ya tare shi, ko bel, ko gilashi. Wani injiniyan kamfanin Volvo, Nils Bohlin, shi ya ƙirƙiro bel mai kama kafaɗa da ƙugu a 1959, kuma an fara tilasta ɗaura shi a Nijeriya a Janairun 2003. Yana rage yiwuwar mutuwa da kusan rabi. Uwar da ta rungume jariri a kujerar gaba tana ganin hannunta ya isa. In motar ta daki bango a gudun 50 ta tsaya cikin rabin mita, yaro mai kilo 10 zai fizge ta da ƙarfin kilo 200, nauyin buhun shinkafa huɗu. Babu hannun da zai riƙe wannan.

Abin da wasu birane suka gwada

A 1997 majalisar ƙasar Suwidin ta amince da wata manufa mai tushe ɗaya: ɗan Adam ba zai daina kuskure ba, don haka a gina hanya yadda kuskure ba zai zama ajali ba. Aka daina dogara ga wa'azi da tara kaɗai, aka koma ga siminti da kwalta. Aka matse tituna a unguwanni, aka ɗaga wurin tsallakawa ya zama tudu, aka yi tsibiri a tsakiyar titi inda mai tsallakawa zai tsaya ya huta, aka mayar da mararraba shataletale domin motoci su haɗu a karkace da ƙaramin gudu. Biranen Oslo da Helsinki, waɗanda suka bi wannan tafarki, sun gama shekarar 2019 ba tare da mota ta kashe mai tafiya a ƙasa ko ɗaya ba. A Landan wani bincike da aka buga a 2009 ya gano cewa unguwannin da aka sauke gudu zuwa mil 20 a awa, wato kilomita 32, sun samu raguwar waɗanda haɗari ya shafa da kimanin kashi 40 cikin 100.

Gaskiya ne waɗannan birane sun fi Kano kuɗi, kuma Oslo da Helsinki ba su kai ta yawan jama'a ba. Amma abin da suka yi amfani da shi ba mai tsada ba ne. Kuɗin gadar sama guda ɗaya zai yi tudun rage gudu da tsibirin tsallakawa da fitila a ƙofar makarantu masu ɗimbin yawa. Hanyar ƙafa a gefen titi ma tana cikin lissafin, domin inda 'yan tebur da motocin da aka ajiye suka cinye ta, tilas mai tafiya ya sauko kan kwalta, ya ba wa mota baya.

Malamin Fiziks ko Lissafi yana iya auna gudun motocin da ke wucewa ta ƙofar makarantarsa da abin da yake da shi. A auna mita 50 a gefen titi, a sa alama a farko da ƙarshe, ɗalibai su tsaya can nesa da kwalta. Ɗaya ya ɗaga hannu in mota ta kai alamar farko, wani ya danna agogo, ya tsayar da shi in ta kai ta biyu. Motar da ta ɗauki sakan 6 tana gudun kilomita 30 a awa. Wadda ta ɗauki sakan 3.6 tana gudun 50, duk wadda ta yi ƙasa da haka ta karya doka. In aka auna mota ɗari a lokacin tashi daga makaranta, aka ware bas daban, A Daidaita Sahu daban, tifa daban, aji zai samu jadawalin da shugaban makaranta zai iya ɗauka ya kai wa hukumar da ke kula da titin.