Ɗan Jagoran Masu Ciwon Daji

Ciwon daji, wato kansa, ba ya son jinkiri. Amma babban asibiti kamar baƙon gari yake. Wajen yankar kati daban, wajen gwajin jini daban, wajen hoto daban. Wasu majinyata sukan ruɗe su koma gida, ciwo kuwa ya yi ta ci.

Wani likitan Amurka, Dakta Harold Freeman, ya lura da haka. A shekarar 1990 ya sa 'yan jagora aiki a asibitin unguwar Harlem, cikin birnin Niyok. Da ɗan gari akan ci gari. A da, cikin mata 100 masu dajin nono a asibitin, 39 ne suke kai shekara 5 da rai. Da aka haɗa gwaji kyauta da jagora, sai suka kai 70.

Ɗan jagora ba likita ba ne. Ba ya yin allura, ba ya rubuta magani. Yakan tuna wa majinyaci ranar ganin likita. Yakan nemo masa abin hawa da taimakon kuɗi.

Aikin sai da horo. Akan koya masa yadda ciwon yake, da tsarin asibiti, da riƙe sirri, da sanin iyakarsa. In ya kammala, a ba shi takardar shaida. Tun 2024 inshorar tsofaffi ta gwamnatin Amurka take biyan ladan aikin, amma sai wanda aka horar.

Takardar nan ita ke raba ɗan jagora da ɗan kamashon bakin asibiti.