Yadda Muka Tada Jirgin Ruwan Baba Bayan Shekara Biyu A Ajiye

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ba su damar sauraro ba.

Yau hirar inji za mu yi, injin jirgin ruwa. Na san wani zai ce ina ruwansa, shi da ko kogi bai taɓa tsallakawa ba. Ka ɗan yi haƙuri ka bi ni, domin rabin abin da zan faɗa ya shafi janaretanka da babur ɗin da ka jingine a zaure tun bara.

Ni ɗan Yauri ne, jihar Kebbi, bakin kogin Neja, ta saman tafkin Kainji. A wajenmu jirgin ruwa shi ne motar haya. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da jirgin katako da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, irin wanda ake maƙalawa a bayan jirgi. Da shi yake tsallakar da mutane da kaya ranar kasuwa, da shi aka biya mini kuɗin jami'a. Da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mai ya ninka kusan sau uku cikin 'yan makonni, aikin ya daina ciyar da kansa. Ana cikin haka rashin lafiya ta kwantar da Baba. Aka ciro injin aka jingine a ɗaki, aka jawo jirgin tudu aka lulluɓe shi da tamfol. Shekara biyu babu wanda ya waiwaye shi.

Bayan rasuwar Baba ƙanena ya ce shi zai ɗauki sana'ar, tunda zaman banza ya ishe shi. Ni kuma da digirina da bidiyo uku da na kalla a YouTube, na ce ai wannan aikin yini ɗaya ne. Muka fito da injin tsakar gida, muka tuttula sabon fetur a kan tsohon da ke tankin, na kama igiya na ja. Ko motsi. Muka haɗu mu biyu muka fizga, igiyar ta tsinke, na zauna daɓas a ƙasa.

Da yamma muka je wurin wani dattijon bakanike a bakin ruwa, wanda shi yake duba wa Baba injin tun muna yara. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Ɗana, ka gode wa Allah da igiyar ta tsinke. Da injin nan ya tashi a tsakar gida, da yanzu kuɗin wani kuke nema." A hannunsa na koyi duk abin da zan faɗa muku, kuma a jere yake, ba a tsallake ɗaya.

Na farko, a tabbatar injin yana juyawa. Irin namu mai silinda biyu ne, kuma fetur ɗinsa ake gauraya wa mai. Ba shi da wurin zuba baƙin mai daban kamar mota. Man da ke cikin fetur ɗin shi ne kaɗai ke shafe fistin da sauran ƙarafan ciki. In inji ya daɗe a tsaye, wannan man sai ya tsiyaye ya bushe, raɓa ta shiga, tsatsa ta kama bangon silinda, ringin fistin ya manne. Abin da ya hana igiyata motsi ke nan. In ka fizga da ƙarfi, ko dai ringi ya karye ko ya karce silindar. Dattijon ya kwance filogi biyun, ya ɗiga mai kaɗan a kowane rami, ya ce mu tafi gida. Kwana biyu ana ƙara mai, sannan ya sa hannu a kan babban faifan da ke saman injin yana rarrashinsa, gaba kaɗan, baya kaɗan, har ya saki ya zagaya. Daga nan ya sa ma'auni ya gwada ƙarfin matsin kowace silinda. Abin da ake nema shi ne biyun su zo kusan daidai. In tazararsu ta wuce kashi 10 cikin 100, akwai matsala a ciki, a tsaya a buɗe kafin a kashe ko sisi a kan sauran.

Na biyu, fetur. Yawancinmu muna ɗauka fetur ba ya lalacewa. Wallahi yana lalacewa. Sashensa mai saurin kama wuta shi ke fara tashi a iska, abin da ya rage ya yi duhu, ya yi wari kamar tsohon fenti, ya bar wani danƙo-danƙo. Ga kuma ruwan raɓa da ke taruwa a gindin tanki, tunda ruwa ya fi fetur nauyi. Muka juye tankin gaba ɗaya, har da sabon da na ɓata, muka wanke muka shanya. Tiyon mai ya ƙage kamar kara, robar da ake matsawa don tura mai ta tsattsage. Duka muka sauya.

Sai kafireta. A cikinta akwai wasu 'yan ƙusoshin tagulla masu huji sirara, ta nan fetur ke bi daidai gwargwado. Danƙon nan a nan yake maƙalewa. Ku lura da wannan, don shi ne ya fi ba ni tsoro: in hujin ya toshe rabi, injin zai iya tashi, har ma ya yi gudu, amma fetur ɗin da ke isa gare shi ya yi kaɗan. To tunda mai a cikin fetur yake, ƙarancin fetur ƙarancin mai ne. Injin zai yi zafi, fistin ya kame, kuma ba a bakin gaɓa zai yi maka haka ba, sai ka buɗe masa wuta a tsakiyar ruwa. An kwance kafiretar ɗaya bayan ɗaya, an jiƙa, an hura iska. Na ɗauko allura zan tsokale hujin, dattijon ya buge mini hannu. Allura ƙarfe ce, ta fi tagulla tauri, tana faɗaɗa hujin, daga ranar kuma injin ya zama mashayin mai. In ya zama dole, silin wayar tagulla mai laushi ake sa wa.

Awon gaurayen ma ba a yin sa da ido. Namu kashi 50 na fetur ne, kashi 1 na mai, wato lita 25 ta fetur tana cin rabin lita. Kowa ya duba abin da aka rubuta wa nasa injin, kuma ya nemi man da aka yi don injin ruwa, wanda za ka ga an rubuta TC-W3 a jikin robarsa.

Na uku, ruwan sanyaya inji. A nan ne na gane abin da dattijon yake nufi da maganar tsakar gida. Injin jirgi ba shi da lagireto. Ruwan kogin yake zuƙa ta ƙasa, ya zagaya da shi jikinsa, ya fitar. Abin da ke tura ruwan wata 'yar roba ce mai fukafukai a cikin ƙafar injin, sama da farfela. Ruwan da take turawa shi ne kuma yake sa ta sulɓi. In ta juya a bushe, ko rabin minti ba ta kaiwa ta ƙone. In kuma ta shekara biyu a lanƙwashe wuri ɗaya, fukafukan sun sandare. Tamu da aka ciro, biyu sun gutsure a hannu. Wannan ba a tsayawa duba lafiyarta, sauyawa ake yi kawai, kuma tana cikin mafi arha a kayan injin.

Akwai wani ɗan rami a gefen injin da ke tsartar da ruwa in yana aiki. Masu jirgi cewa suke inji yana fitsari. Shi ne shaidarka cewa ruwa na zagayawa. Namu zanzaro ya gina ɗakinsa a ciki ya toshe shi da laka. Matuƙi kowane lokaci ya riƙa waiwayen wannan tsartuwar. In ta ɗauke, a kashe inji nan take.

Na huɗu, man giya da ke can ƙasa kusa da farfela. Ana kwance ƙusar ƙasa da ta sama a tara kwano. In ya fito fari-fari kamar an dama madara, ruwa na shiga. Namu haka ya fito. Da aka cire farfela sai ga zaren kamun kifi ya naɗe sandar, ya ci robar da ke tare ruwa. Aka sauya robar. Sabon man kuma ta ramin ƙasa ake tura shi har sai ya ɓullo ta na sama, don kada iska ta maƙale a ciki ka zaci ya cika.

Yanzu mu zo kan waya, inda na fi ganin sakacinmu. Injinmu da igiya ake tada shi, wutar filoginsa daga jikinsa take fitowa. Amma Baba ya sa batir saboda fitilu da ɗan famfon kwashe ruwa, injin na yi masa caji. Da muka yaye tamfol, ɓeraye sun yi gida, sun gwaigwaye wayoyin. Wanda ya yi haɗin tun farko kuma wayar gida ya yi amfani da ita, mai sili ɗaya kauri, ya murɗe mahaɗan da hannu ya naɗe da salatif. Babu fiyus ko ɗaya.

Batir ɗin muka fara aunawa. Lafiyayye mai cikakken caji yana nuna kusan 12.6; in ya nuna 12.2 ya sauka rabi. Namu ko 10 bai kai ba. Batir in ya daɗe babu caji, farantan cikinsa suna yin wani ɓawo da ba ya narkewa, ko ka yi masa caji ba zai riƙe ba. Muka haƙura da shi.

Wayoyin kuwa ga abin da na koya. Wayar da ta sha danshi tana ruɓewa ta cikin rigarta. Daga waje lafiya lau, in ka feƙe sai ka ga tagullar ta yi baƙi ko kore. Irin wannan wuta na wucewa da ƙyar, fitila ta yi ja-ja, famfo ya yi sanyi, mahaɗa ta yi zafi. Ka yi ta yankewa har ka iske tagulla mai sheƙi. In ba ka iske ba, zare ta duka. Mu duka muka zare. A jirgi waya mai silili da yawa ake sa wa, domin girgizar inji tana karya mai sili ɗaya. In ka samu wadda aka shafe sililinta da kuza, ta fi jure danshi. Mahaɗa a matse ta da kan waya na ƙarfe, a rufe da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi, a ɗaga wayoyin sama da inda ruwa ke kwanciya.

A mota jikin ƙarfen ne hanyar da wuta ke komawa batir. Jirgin katako ba shi da wannan, don haka kowace fitila da famfo sai da waya biyu, ta zuwa da ta komawa. Fiyus kuma a sa shi a kan jar waya dab da batir, kada ya wuce taƙi ɗaya. Dalili: in waya ta goge ta haɗu, duk tsawon da ke tsakanin batir da fiyus ba shi da mai tsaronsa, zai yi ja kamar garwashi. Ku tuna kuma tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake kwanciya, daidai inda batir da tanki suke. Tartsatsi ɗaya ya isa. Shi ya sa muka raba su, batir a akwatinsa a ɗaure, tanki can nesa inda iska ke kaɗawa. Wajen kwancewa baƙar waya ake fara cirewa, wajen ɗaurawa ita ce ta ƙarshe. Kada a kuskura a juya kan batir, ja a wurin baƙa. Nan take na'urar cajin injin ke ƙonewa.

Sai a rana ta tara aka tada shi, a cikin duro cike da ruwa har ya rufe ramukan da yake zuƙa. Ja na huɗu ya kama, ya yi hayaƙin man da aka ɗiɗɗiga masa, sannan ga tsartuwar ruwa. Mita a kan batir ta haura 13, alamar caji na shiga. Muka gwada makashin injin, ya mutu nan take. Ƙanena ya juya baya yana goge ido. Ƙarar da muke ji ke nan kowace asuba Baba zai fita.

Shi ma jirgin sai da aka toshe tsagun da rana ta buɗe, aka bar shi a ruwa kwanaki katakon ya kumbura. Gwajin farko babu fasinja, kusa da gaɓa, da filafili biyu a ciki.

Me ya sa na tsawaita haka? Mota in ta mutu ka gangara gefen titi. Jirgi in ya mutu a tsakiya, ruwa ne ke tuƙa shi, ya juya shi a kaikaice, ga iska, ga kututturan itatuwan da tafkin ya shanye tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968. Ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021 ba, ko na Bagwai a jihar Kano a watan Nuwamban 2021, wanda ya ci ɗaliban Islamiyya. A irin waɗannan an fi maganar lodi fiye da kima da rashin rigar kariya, kuma gaskiya ne. Amma hukumar NIWA ba za ta buɗe kowace kafireta a kowace tashar ruwa ba. Wannan amana ce a wuyan mai jirgi.

Sharaɗin da na gindaya wa ƙanena uku ne: ba lodin wuce kima, ba tafiyar dare, kowa da rigar kariya. Shi kuma dattijon ya ƙara masa ɗaya: duk ranar da zai ajiye injin fiye da wata guda, ya tsiyaye kafireta, ya ɗiga mai a silinda, ya cire kan batir, ya jingine shi a tsaye a inuwa.

In kana da bakanike ko matuƙin jirgi a gidanku, ka karanta masa wannan, in akwai inda na kauce ya gyara mana. Allah ya tsare matafiyanmu na ruwa da na tudu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.